Ƙofar da Ba Ta Amsa Sallama

Talata: Kaduna zuwa Zariya

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Talata na ja ƙofar gidana a Kaduna, jaka ɗaya a kafaɗa, raina kuma a ɓace tun kafin in taka titi. A masallacin tasha na yi sallar asuba. Motar da na samu ta mutum bakwai ce, aka cusa mu tara, ba mu tashi ba sai shida da minti goma da fasinjan ƙarshe ya gama cinikin buhunsa.

Bari in gaya muku abin da ya tayar da ni, don kada ku ɗauka yawon buɗe ido na fita. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara biyar, kuma babu hotonta ko ɗaya a gidanmu. Bara aka gina wani ɗakin baje koli a bayan garin Kura, wai gidan tarihin noman rani, don a nuna yadda ruwan kanal ya shigo ƙasarmu ya sauya ta. Ranar buɗewa aka ɗebo tsofaffi a mota don su cika kujeru. Cikinsu akwai Malam Sale, aminin mahaifina, shi ne ya dawo yana rantsuwa cewa ya ga Inna a jikin bango, tana matashiya, a tsakiyar gonar alkama.

Baba kuwa hawan jinin ido ne ke cin sa. Na hagu ya mutu tun bara waccan, na dama yana rufewa a hankali, likita kuma ya gaya mana abin da ya tafi ba ya dawowa. Ran Lahadi yayata Binta, wadda ke aure a ƙauyenmu tana kula da shi, ta kira ni ta ce tun kaka Baba ya je wurin nan har sau uku bai samu shiga ba, kuma bai gaya wa kowa ba. A bakin Ɗanliti mai adaidaita sahun da ke kai shi ta ji.

Na ce, "Me ya hana shi shiga? Kuɗi suke karɓa?"

Ta ce, "Kyauta ne. Wai ba a amsa masa ba."

"Ba a amsa masa me ba?"

"Sallama mana, Kabiru."

Gaskiya da Baba na fara fushi. Ni sana'ata tsara manhajar waya ce: inda maɓalli zai zauna, abin da mutum zai fara gani, yadda zai shiga ya biya buƙatarsa ya fita ba tare da ya tambayi kowa ba. Da wannan nake cin abinci, har gayyata ta ake yi in koya wa wasu. Ga shi mahaifina ya yi wata huɗu yana zarya a gaban ƙofar da turawa kawai ake yi. Tsakin da na dinga ja a motar nan har wanda ke gefena ya tambaye ni ko haƙori ne ke damuna.

Bakwai da minti arba'in muka shiga Zariya. Direba ya tsaya shan mai, na sauka na sha shayi da burodi a tsaye, naira dubu ɗaya da ɗari biyu, shayin ma ruwa ne aka nuna wa madara.

Zariya zuwa Kura

Daga Zariya zuwa Kura tafiyar kamar kilomita ɗari da ashirin ce. Shinge uku muka tarar. A biyu an ɗaga mana hannu, a na uku aka sauke buhun mutumin nan aka soka masa ƙarfe, aka tarar gero ne kamar yadda ya faɗa, muka rasa minti ashirin. Direbanmu, wani dattijo mai jan gemu, ya ga ina ta duba agogo.

"Alhaji, ɗaurin aure za ka?"

"Hoto zan je gani."

Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hoto ai ba ya gudu."

Na mayar da idona kan agogo. Hoton ba ya gudu, idon ne ke gudu.

Da muka wuce Kwanar Ɗangora ƙasa ta fara sauya launi. Duk wanda ya taso a nan ya san wurin da busasshen daji yake ƙarewa kore ya fara, a tsakiyar rani, rana tana dukan kwalta. Wajen Garun Malam kwandunan tumatir ne jere a bakin titi, manyan motoci sun toshe rabin hanya ana lodi, warin albasa yana shigowa ta taga. Kullum in na iso nan zuciyata takan yi sanyi. Ran nan ba ta yi ba.

Goma da rabi na sauka a Kura. Ɗanliti yana jira na a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da injin casar shinkafa. Mutum ne mai kamar shekara hamsin, yana noman albasa, yana jan keke in ban-ruwa bai kama shi ba. Muka gaisa, na ce kafin mu nufi gida ya bi da ni in ga ginin nan ko daga waje.

A hanya na tuhume shi. Na ce, "Kai ma Ɗanliti, sau uku kana kallon tsoho a tsaye, ba ka tura masa ƙofar ba?"

Ya ce, "Ni a wa? Yallaɓai, ƙofar baƙin gilashi ce irin ta banki. In ka tsaya a gabanta kanka kawai kake gani. Wa ya san ko manya ne ke taro a ciki?"

A bayan garin Kura

Minti goma muka yi. Ginin yana nan a bakin babban kanal, fari tas, da matattakala a gaba, da ƙatuwar baƙar ƙofa, babu taga ko ɗaya ta fuskar hanya. Ina ganinsa na gane shi.

Shekara biyu da suka wuce wani abokin karatuna mai zanen gine-gine ya turo mini wani zane ta waya, ya ce gidan tarihi ne za a gina wajen Kano, in duba masa da idon sana'ata. A zanen akwai zaure a gaba, da benci, da teburin mai tarbar baƙi. Ina cin abincin rana na duba shi. Na rubuta masa cewa zauren nan tsohon yayi ne, cunkoso kawai zai jawo, a cire shi. A mayar da ofis can ƙurya, a bar baƙo ya shigo kansa tsaye ba wanda ya tsare shi da ido. Bayani kuma a sa irin ɗigo-ɗigon nan da ake haska wa waya. Duka-duka minti goma abin ya ɗauke ni. Ko tambayar wane gari ne ban yi ba, balle su wa za su shiga.

Ina zaune a cikin keken ina haɗiyar wannan, sai ga wasu dattawa biyu sun jingine kekunansu na hawa, da alama daga gona suke. Suka cire takalma a gindin matattakala, suka hau, suka tsaya gefen ƙofa ba a gabanta ba, kamar yadda aka koya wa kowannenmu. Ɗaya ya yi sallama. Suka saurara. Ya sake. Suka saurara. Ya yi ta uku da ɗan ƙarfi, suka dubi juna, suka juyo.

Na yi tsalle na sauka na tare su. Na ce, "Baba, a buɗe take, turawa ake yi."

Babban cikinsu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Gidan mutane, ɗan nan? Wataƙila ba sa nan. Ma dawo."

Suka sa takalmansu suka hau kekunansu. Ban shiga ba. Na ƙudurta cewa ba zan ga fuskar Inna kafin Baba ya gani ba. Na koma keke na ce wa Ɗanliti mu tafi.

Karfi zuwa Bunkure, zuwa gida

Daga Karfi muka karya hanyar Bunkure. A Bunkure na sayi lemo da tsire na kai wa Baba, daga nan muka sauka daga kwalta muka bi gefen ƙaramin kanal kamar kilomita shida. Sha biyu da kwata muka isa gida.

Baba yana kan tabarma a zaurensa. Wannan zauren ba a taɓa rufe shi da rana ba tun da na yi wayo, kuma ba a taɓa sallama a ƙofarsa aka rasa mai amsawa ba, ko da mace ce daga cikin gida. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo da gefen fuskarsa na dama yana nemana, sai da na yi magana ta biyu ya daidaita inda nake. A Ƙaramar Sallar da ta wuce tun daga bakin ƙofa yake gane ni.

Yaya Binta ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji, shinkafar gonarmu. Bayan la'asar na tayar da maganar, kuma na tayar da ita da zafi fiye da yadda ya kamata ɗa ya yi.

"Baba, sau uku fa. Ko waya ai sai a yi mini."

"Kana da aikinka."

"To me ya hana ku tura ƙofar ku shiga?"

"Sau uku ake sallama. In ba a amsa ba, sai ka koma. Ba a koya maka ba?"

"An koya mini. Amma wurin nan ba gida ba ne, Baba, na kowa ne."

Ya ce, "Yana da rufi, yana da ƙofa, an ce akwai mai tsaronsa. Kuma an ce uwarku tana ciki. Ni da girmana in faɗa wa mutane ba izini, a ce daga ina?"

Yaya Binta ta yi dariya, ni ban yi ba. Na so in gaya masa wanda ya sa aka cire zauren, bakina ya ƙi. Na kwana a tsohon ɗakina, inda yanzu buhunan taki suka cinye rabi.

Laraba: komawa Kura

Baba ya ce idonsa ya fi washewa da safe, don haka takwas daidai Ɗanliti ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, har da turare. Muna tafe gefen kanal yana gaya mana gonar wa muke wucewa, ba don yana gani ba, sai don ya san kowane gargada na hanyar nan. Ya ji ƙarar ruwa a wani wuri ya ce an bar ƙofar ruwa a buɗe tun jiya, gonar Alhaji Ado za ta sha fiye da ƙima. Ɗanliti ya leƙa ya ce haka ne.

Tara da minti biyar muka isa. Matattakala bakwai ce, farin tayil mai santsi, babu abin riƙewa. A gefe an yi gangaren keken guragu, amma an ɗora ƙatuwar tukunyar fulawa a samansa don ado. Baba ya cire takalmansa a ƙasa, na ce ya bar su, ya ƙi. Tayil ɗin ya riga ya ɗau zafi. Na riƙe hannunsa muna hawa ɗaya-ɗaya, ina jin yadda yake ɗage tafin ƙafa, ina tsine wa duk wanda ya zaɓi tayil ɗin nan a zuciyata.

A sama na kai hannu zan tura ƙofa, ya riƙe ni.

"Tsaya."

Ya gyara tsayuwa ya yi sallama, da muryar nan tasa da ake ji daga wannan gona zuwa waccan. Shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku. Na ga kafaɗarsa ta sauka, ya fara laluben hanyar juyawa, kamar wanda ya saba.

Na ce wa Ɗanliti ya riƙe shi. Na banka ƙofar nan da ƙarfin da ya sa ta daki bango, na ratsa dogon ɗaki mai duhu ban kalli komai ba, har ƙurya, inda na san ofis yake tun da ni na ce a kai shi can. Wata mata ce a ciki, mai kamar shekara arba'in da biyar, da hijabi ruwan toka, ƙaramar fanka tana kaɗa mata, tana cike wasu takardu. Sunanta Malama Rakiya, ita ce mai kula da gidan.

Ban ko gaishe ta ba. Na ce, "Ana ta sallama a waje, ba kya ji ne?"

Ta ɗago a tsorace. "Sallama? A ina?"

"A ƙofa. Tsoho mai shekara kusan tamanin, zuwansa na huɗu ke nan."

Ta ajiye biro ta ce, "Malam, daga nan ko mota ce ta yi ham ba na ji. Ƙofa biyu ce tsakanina da waje." Ta jawo littafin baƙi ta buɗe mini, shafuka farare, sai 'yan makaranta da aka kawo sau biyu da wasu baƙi daga birni. "Wata bakwai ina zaune a nan. Kullum shugaban kwamiti cewa yake mutanen ƙauye ba su damu da tarihinsu ba. Har ana maganar kwashe kayan a kai Kano."

Wannan magana ta ƙona mini rai fiye da komai. An gina wa mutane gida da sunansu, an toshe kunnen gidan, sannan an zauna a ofis ana cewa ba su da kishi. Jiya da idona na ga biyu sun juya. Allah kaɗai ya san nawa suka hau matattakalar nan ba takalmi suka sauka.

Na ce, "Zo ki amsa masa. In ba ki amsa ba, ba zai shigo ba."

Ta taso da sauri har takalminta ɗaya ya fita. Ta buɗe ƙofar ta rusuna ta ce, "Wa alaikumus salam, Baba. Ku yi haƙuri. Sannunku da zuwa, ku shigo."

Baba ya ce, "Madalla. Mun same ku lafiya?" Ya sa ƙafar dama ya shiga.

Cikin gidan

Ban taɓa jin kunyar sana'ata irin ta ran nan ba. Babu taga, wai hasken rana yana ɓata hotuna. Ƙananan fitilun da aka jera a sama rabinsu ba sa ci, don batirin sola ya yi sanyi. Mai lafiyar ido ma sai ya tsaya ya saba da duhun, Baba kuwa ya ce mini kamar an rufa masa bargo. Babu kujera ko ɗaya daga farko har ƙarshe. A ƙasa an zana kibiyoyi da rubutun Turanci. A jikin kowane kaya ga ɗigo-ɗigon nan na haska waya, a garin da yawancin tsofaffi ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa.

An sa fartanya da lauje a akwatin gilashi an kulle, kamar zinariya. Akwai lanƙwasasshen bututun nan da muke ɗora wa a kan gaɓar kanal mu zuƙo ruwa zuwa gona, shi ma a kulle, kuma a kife aka ajiye shi. Ɗanliti ya gani ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wanda ya ajiye wannan bai taɓa jiƙa hannunsa ba. Baba ya miƙa hannu ya taɓa gilashi ya janye.

Hoton yana bangon ƙarshe, an kafa shi sama da kan mutum, an gitta jar igiya a gabansa taku biyu. Baƙi da fari ne, faɗinsa bai fi faranti ba. Mata uku ne a gonar alkama, biyu sun sunkuya, ɗaya ta miƙe tana kallon mai ɗauka, da dami a hannu. Ba sai an gaya mini ba. Fuskar Yaya Binta ce sak, har ɗan karkata kan nan da take yi in za ta yi gardama. 

Baba ya ce, "Mun zo?"

"Mun zo, Baba. Ga ta can sama."

Ya ɗaga kai, ya juya gefen dama, ya matsa har igiya ta tare shi. Ya daɗe. Ya ce, "Wani abu nake gani yana ƙyalli."

Fitila ce take dukan gilashin hoton.

Na juya kan Malama Rakiya na ce a sauko da shi. Ta ce ba ta da izinin taɓa komai sai shugaban kwamiti ya ce. Ta kira shi sau biyu, ba a ɗauka ba. Nan na rasa kaina. Na faɗi maganganu a kan kwamiti, da masu zane, da masu cin kwangila, da duk wanda ya taɓa yanka kintinkiri a ƙasar nan, muryata tana amsa-kuwwa a ɗakin. Baba ya ce, "Kabiru, a gidan mutane kake."

Malama Rakiya ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ihu ba zai sauko da shi ba. Malam Ɗanliti, akwai sukudireba a kekenka?"

Ita ta ɗauko kujerar ofishinta, ita ta riƙe ta, Ɗanliti ya hau ya kwance ƙusoshi huɗu. Ta ce in an kore ta a kan wannan, to an kore ta.

A gindin bishiya

Muka fito da shi waje, gindin wata darbejiya a bakin kanal, inda haske yake sosai ba rana kai tsaye. Goma saura minti biyar. Aka ajiye wa Baba kujerar, Ɗanliti ya zare gilashin, na ɗora masa hoton a hannu.

Ya kawo shi dab da idon dama har yana taɓa hancinsa. Ya matsar da shi baya. Ya karkata shi hagu, ya karkata dama. Ya goge idon da bakin rigarsa ya sake. 

Ya sa yatsa a wani wuri ya ce, "Nan akwai fari."

Na ce, "Ɗankwalinta ne."

Ya gangaro da yatsan kaɗan. "Nan ce fuskar?"

"Nan ce."

Ya daɗe yatsansa yana wurin. "Dariya take yi?"

"Kamar za ta yi, ba ta kai ga yi ba."

Ya ce, "Haka take." Can ya ce, "Sale ya ce akwai rubutu a ƙasa. Me aka rubuta?"

Na dubi Malama Rakiya, ta sunkuyar da kai. Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce, "Da Turanci ne, Baba. An ce wasu mata manoma, ba a san ko su waye ba."

Ya ɗago. Tun da nake ban taɓa jin sunan mahaifiyata a bakinsa ba. Uwargidansa ce, kullum sai dai ya ce uwarku, ko mai ɗakin nan. Ran nan ya juya inda yake jin numfashin Malama Rakiya ya ce, "'Yata, kina da abin rubutu? Rubuta. Sunanta Hadizatu, 'yar Malam Iro mai allo. Na bayanta in ba a sauya ba Ladi ce da Tabawa, tare suke yankan alkama. Duk sun riga mu gidan gaskiya. An san su."

Ta rubuta a bayan wata takarda, ta karanta masa ya ce daidai ne.

Ya sake ɗaga hoton sau ɗaya, ya gwada, sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Mayar musu da kayansu." Yana laluben sandarsa ya ƙara da cewa, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara, "Zuwana na farko, daga inda nake zaune ɗin nan ina iya karanta lambar keken Ɗanliti. Da an amsa ran nan, da na gan ta."

A hanyar komawa, bayan mun wuce Karfi, na gaya masa. Na ce akwai zaure a zanen farko, da benci, da mai amsa sallama, ni na ce a cire. Ɗanliti ya rage gudu bai waiwayo ba. Sai da muka wuce gonaki uku Baba ya juyo inda nake.

Ya ce, "Wa ka tambaya?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya gyaɗa kai. Muka isa gida sha biyu saura, ya nemi ruwan alwala.

Alhamis: komawa Kaduna

Bakwai na safe na yi sallama da Baba da Yaya Binta, wadda ta kwana tana kallon hoton da na ɗauko mata a waya. Na sa Ɗanliti ya sake bi da ni ta gidan tarihin. Baƙar ƙofar tana buɗe, an tokare ta da tukunyar fulawar nan. Malama Rakiya ta fito da teburinta da fankarta bakin ƙofa, ta shimfiɗa tabarma a gefe, ga takalman mutum uku a gindin matattakala. Ta ce shugaban kwamiti ya kira ta jiya da yamma ya ce sauro da ƙura za su shiga, ta ce masa su shiga. Ban sani ba ko za a bar ta a haka.

Na samu mota a Kura tara da rabi, muka tsaya Zariya sha biyu saura kwata na ci masa da miya, muka shiga Kaduna biyu da minti ashirin. Uku saura na buɗe ƙofar gidana. Kafin in cire takalmi na rubuta wa abokina mai zane doguwar wasiƙa, na fara da laifina kafin nasa, na ce a mayar da zauren ko da na kara ne, a fasa taga, a sauko da hotuna daidai idon mutum, a rubuta sunayen mutane da harshensu. Har yanzu fushin bai sake ni ba, kuma ba na so ya sake ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Binta da ta kira, da Ɗanliti da ya yi zarya huɗu da tsohona bai taɓa ƙosawa ba, da Malama Rakiya da ta riƙe kujera. Ni na ga mahaifiyata, ga ta nan a wayata duk lokacin da na so. Mutumin da ya sa farar riga da turare domin ta, shi bai gan ta ba, kuma ba zai gan ta ba.